Carbin Ɗan Leƙen Asiri

A shekarar 1901 Rudyard Kipling ya fitar da littafinsa mai suna Kim, labarin wani maraya ɗan Bature da ya tashi a lungunan Lahore kamar ɗan ƙasa. Wani dillalin dawaki, Mahbub Ali, shi ya fara aikensa da saƙon asiri, daga bisani Turawan mulki suka horar da shi don su tsare Indiya daga Rasha. Yara da manya a Ingila suka karanta, suna ganin leƙen asiri wasa ne mai daɗi.

Sai dai ba da ka Kipling ya ƙago wannan sana'a ba. Tun 1866 wani malamin makaranta, Nain Singh, ya shiga birnin Lhasa a ɓoye. Carbin mabiya Buddha ƙwaya 108 ne, aka rage nasa zuwa 100, yana ja yana ƙidaya takunsa, jama'a na zaton ibada yake yi. Da wannan lissafi aka zana taswirar Tibet. Nan ne abin ya fi tsaya mini a rai, wato a mayar da kayan ibada ma'aunin ƙasar mutane.

Mu jikokin fatake ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, irin su Adamu Jakada ne ke kai musu rahoton garuruwa, suna tafe cikin rigar fatauci.