Kisan da ya riga annoba isa Strasbourg

A shekarar 1347 jiragen ruwan fatake suka shigo da annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta tashar Messina da ke tsibirin Sisili. Cikin shekara huɗu ta hallaka aƙalla sulusin mutanen Turai. A wancan zamani babu wanda ya san cewa ƙumar ɓera ce ke yaɗa cutar. Wasu suka ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska, wasu a kan taurari. Daga nan jita-jita ta bazu cewa Yahudawa ne ke zuba guba a rijiyoyi.

Paparoma Clement na Shida ya ƙaryata zargin a 1348, ya nuna cewa su ma Yahudawan suna mutuwa kamar kowa, amma ba a saurare shi ba. A birnin Strasbourg, wanda a yau yake cikin Faransa, shugabannin gari sun yi ƙoƙarin kare Yahudawa, sai ƙungiyoyin masu sana'a suka tumɓuke su daga mulki. Ranar 14 ga Fabrairu 1349 aka ƙone ɗaruruwan Yahudawa da ransu, alhali annobar ba ta ma shigo birnin ba tukuna.

Abin da ya biyo baya shi ya tona asirin lamarin: aka soke duk bashin da Yahudawa ke bin jama'a, aka kuma raba dukiyarsu. Tsoron mutuwa ya ba masu tsohuwar gaba da waɗanda ake bi bashi damar da suka daɗe suna jira. Bayan 'yan watanni annobar ta iso birnin, ta kashe dubban mutane.