Komawa Tushen Labari: Darasi Daga Fim Ɗin Star Wars Na 1999

'Yan'uwa ɗalibai, labarin sararin samaniya ba baƙo ba ne a adabinmu, tun da Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Amma yau wani fim nake so mu duba.

A 1977 George Lucas na Amurka ya fito da Star Wars, inda aka ga azzalumi Darth Vader. Bayan shekara 22, a 1999, sai ya koma baya da The Phantom Menace don nuna yarintar azzalumin nan, wato Anakin, bawa ɗan shekara 9 a wata duniyar hamada. A Tunisiya aka ɗauki wannan ɓangare.

Ƙarfin fim ɗin, a ganina, siyasarsa ce. Rigimar harajin fatauci ita ta buɗe wa Sanata Palpatine hanyar shugabanci, wato daga ciki jamhuriya take ruɓewa. Rauninsa kuwa, mai kallo ya riga ya san ƙarshe, saboda haka zullumi ya gushe. Ikon ɓoye na jaruman kuma aka mai da shi ƙwayoyin halitta da ake aunawa a jini, kwarjininsa ya zube.

To, irin wannan tarko yana jiran mai rubuta tarihi. In mun zo ba da labarin zaman Muhammadu Buhari ɗan Shehu a garinmu Tambuwal, kada mu rubuta kamar mutanen ribaɗin sun san yadda za ta kaya. Su tsaron iyaka da Kabi suke yi, ba su san gobe ba. Allah ya sa mu yi musu adalci.