Kalmar "Canji": Ma'anoni Huɗu da Ya Kamata Mu Bambance

Masu saurarenmu na Safo da 'yan'uwa mazauna waje, yau za mu duba kalmar da ba a wuni a kasuwa ba a ji ta ba: canji. Asalinta Ingilishi ce, ta shigo mana ta Nijeriya, ta zauna daram kusa da "sauyi" da "musaya". Daga gare ta muka samu "canza" ko "canja".

Ta farko, ragowar kuɗi. In ka ba mai shago jika ɗaya ka sayi kayan dala 120, canjinka dala 80 ke nan. In ya ce "babu canji", ƙananan kuɗi ne ba ya da su.

Ta biyu, musayar kuɗin wata ƙasa da na wata, sana'ar 'yan canji a Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya ko Wapa ta Kano. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, amma naira kullum tashi take tana sauka. A kula kuma: jika a wurinmu sefa 1000 ce, jaka kuwa a Nijeriya naira 200.

Ta uku, gwamnati ta sake takardun kuɗinta. A Disamban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sababbin takardun naira 200, 500 da 1000, ya sa wa tsofaffin wa'adi. Kuɗi suka yi ƙaranci, ciniki ya tsaya cik, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin a Maris 2023. Mu na bakin iyaka mun ji a jikinmu.

Ta huɗu, siyasa. Da kiran canji Mahamane Ousmane ya ci zaɓen 1993, jam'iyyarsa a zaɓen 2020 ma RDR-Tchanji ce, da rubutun Faransanci. Muhammadu Buhari shi ma da shi ya ci zaɓen 2015.

To, a ta biyun ne aka fi samun rigima tsakanin dangi. In ɗan'uwa ya aiko kuɗi ya ce "a yi canji", kada a tsaya nan. A tambaye shi: naira ce ko sefa, nawa aka canza ranar, kuma wa zai biya ladan aike? A faɗi adadin da lamba, a rubuta a saƙo, don kada zumunci ya ɓaci saboda kalma ɗaya.