Daga Tanda Zuwa Tanderu: Burodi da Sadaka a Zangon Kwatano

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sana'ar tuya ya san akwai wainar da ba ta shiga ciniki. Ranar Juma'a mai tanda kan ware wani kaso ta ce na Allah ne, a miƙa wa almajirai da masu bara a ƙofar masallaci. Haka ake yi ranar sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Ni mai gasa burodi ce, ina zaune a Fidjrossè, unguwar bakin teku a Kwatano, amma a Zango aka yanke mini cibiya. Da na bi diddigin wannan al'ada, sai na tarar tarihinta a ɗaure yake da na alkama, da fatauci, da farashin fulawa.

Mu fara da sunayen kansu, domin suna linzami ne. Alkama, alkaki da gurasa duk kalmomi ne da muka aro daga Larabci. Sun biyo ayarin raƙuman da suka riƙa ratso Sahara zuwa Kano da Katsina. A da, alkama abincin sarakuna da attajirai ce, ana nomanta kaɗan a fadamu lokacin hunturu, don ba ta son zafi. Har gobe in ana maganar gurasa sai an ambaci Jakara a birnin Kano, inda mata ke manna ƙulli a jikin tanderu mai zafi. Burodi, fulawa da fanke kuwa baƙin baya-bayan nan ne, daga bakin Turawan Ingila muka ji sunayensu.

To, yaya aka yi tanda ta iso bakin teku? Kakanninmu fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro. Hanyarsu ta ratsa arewacin ƙasar da ake kira Benin a yau, ta Nikki da Jugu, har Salaga. Inda ayari ya saba yada zango, nan unguwa ke tsira, shi ya sa ake samun Zango a garuruwa da yawa na Benin, Togo da Gana. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar goro. A daidai wannan lokaci Faransa ta ci Dahome da yaƙi, tsakanin 1892 da 1894. Ciniki ya juya ya fuskanci teku, jirgin ƙasa ya haɗa Kwatano da Paraku a shekarun 1930, Hausawa suka bi kasuwa kudu. Maza suka zo da dabbobi da kayan koli, mata suka zo da tanda.

A Kwatano matan suka tarar da wasu masu tuya. Mutanen Fon suna da ƙosansu da suke kira ata, da wani fanke da suke kira yovo doko, wato cincin ɗin Bature. Faransawa kuma sun kawo dogon burodinsu mai kama da sanda, wanda har yau shi ne karin kumallon birni. Kakata ba ta taɓa gasa irin wannan burodi ba. Waina da alkaki ta sani, daga cikin gida take yi, yara su fita da talla. Masana sun yi rubutu a kan irin wannan ciniki. A 1969 Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, saboda kuɗi masu yawa na yawo tsakanin gidaje ba tare da mai sana'ar ta taka kasuwa ba. Ni kuma abin da na gani a gidanmu shi ne, daga wannan riba ake sayen kayan ɗaki, a zuba adashi, a kuma fitar da sadaka. Ranar da ciniki ya tsaya, almajiri ma ya ji a cikinsa.

Da muka koma fulawa, sai sadakarmu ta shiga hannun jiragen ruwa. Benin ba ta noman alkama, daga waje ake shigo da ita ta tashar jiragen ruwan Kwatano. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama Najeriya, da nufin a dogara da ta gida, irin wadda ake nomawa a Kadawa da ruwan madatsar Tiga. Abin da aka noma bai isa ba, buhunan fulawa suka riƙa tsallaka iyaka daga Kwatano a ɓoye, har aka ɗage dokar a 1992. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. Iyayenmu mata suna yawan tuna wannan shekara: masu alkaki da fanke da dama sun koma ƙosai da waina, domin wake da shinkafa sun fi sauƙin samu. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya sake tayar da farashin alkama a duniya, muka ɗanɗana irin abin da suka ɗanɗana.

Wannan tarihi shi ya tsara mini yadda nake aiki. Na fara gashi ne don sha'awa kawai, ina son ƙamshin ƙulli in ya tashi. Da na yi niyyar mayar da shi hanyar taimako, sai na ɗauki dokar kakata: kason Allah daga cikin kayan sayarwa ake fitar da shi, tun kafin a fara ciniki. Cikin kowane burodi goma, ɗaya na marayu da majinyata ne. Tara ɗin su ke sayo buhun gobe, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ni da wasu maƙwabtana muna zuba adashi don sayen fulawa a sari, kuma in ta yi tsada mukan haɗa da garin rogo ko na masara, ko mu koma tanda gaba ɗaya.

Abu guda ne na ƙi gada. Tallar da ta riƙe sana'ar kakanninmu ita ce ta hana 'yan mata da yawa zama a aji. A wurina yarinya ba ta ɗaukar faranti. Bayan an tashi makaranta takan zo ta koyi awo, da kwaɓi, da lissafin riba, har ta san abin da buhu ɗaya zai haifa. Ni ma a nan na koyi rubuta kowace dala a littafi, da haƙurin tashi kafin asuba, da yin ciniki da harshen Fon, wanda a da gaisuwa kawai na iya da shi.

'Yan uwa mata masu sha'awar gashi, ku tambayi tsofaffin gidajenku yadda suka raba tandarsu tsakanin kasuwa da ƙofar masallaci, da yadda suka yi a shekarun tsada. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma sai an tanadi fulawar gobe kafin a ci gaba da yin sa.