Daga zabira zuwa kilifa: tarihin askin maza a ƙasar Hausa

Wanda duk ya duba tsofaffin hotunan da aka ɗauka a Kano, Zariya, Katsina ko Damagaram a farkon ƙarni na 20, da wuya ya ci karo da sumar baligi. Sarki da malami na cikin rawani, ɗan kasuwa da manomi na cikin hula, in kuwa aka tuɓe, sai ka ga kai ƙwal. Adon Bahaushen wancan zamani a fuska ya tattara: gemu, saje, gashin baki da aka rage, kwalli a ido ranar Juma'a ko Sallah, haƙora sun sha asuwaki. Tara suma aikin wanda bai da mai kula da shi ne, ko wanda hankalinsa ya taɓu.

Wannan tsari yana da tushe a littafi. Lokacin da Shaihu Muhammadu al-Maghili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta wasiyya kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, kuma ya ware babi guda don kyautata kamannin sarki: ya yi tsafta, ya sa turare, ya yi ado irin na maza ba tare da zinariya ko alharini ba. Talaka kuma ya samu nasa a zauren malam. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda kusan duk ɗalibin fiƙihu a ƙasar nan ya bi ta kanta, tana da babi kan fiɗira: kaciya, rage gashin baki, yanke farce, cire gashin hammata da na mara. A mazhabar Malikiyya ana rage gashin baki ne har leɓe ya fito, ba a aske shi ƙarƙaf, domin Imamu Malik ya ƙi hakan ƙwarai. Tsofaffin wanzamai da yawa ba su taɓa buɗe littafin ba, amma hannunsu ya san inda aska za ta tsaya.

Wanzami ne ya ɗauki nauyin duk wannan. Shagonsa a kafaɗarsa yake, wato zabira, jakar fata mai aljihu-aljihu. A ciki akwai asake manya da ƙanana, da 'yar tsaga, da almakashi, da hantsaki, da ƙahonni, da dutsen wasa, da 'yar tasar ruwa. Yakan shimfiɗa tabarma a gindin bishiya ko a rumfar kasuwa, mai aski ya cire hula ya zauna gabansa ya sunkuyar da kai. Sai ya jiƙa sumar, ya murza ta da tafin hannu har ta yi laushi, ya goga aska a dutse, ya ƙarasa a fata, sannan ya fara daga ƙeya, yana jan fatar kai da babban yatsa, yana share gashin a bayan hannunsa. Goshi ne ƙarshe, lokacin ruwa ya fara bushewa, kaifi ya ragu, wuya ya gaji. Daga nan aka samo maganar cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Bayan an daidaita saje an tsabtace wuya, da yawa sukan tattara gashinsu su binne, wasu don girmama jikin ɗan Adam, wasu don tsoron sammu. Yaro kuwa in ya fito da sabon aski, abokansa na jiran sa da ladan aski a tsakiyar ka.

Sai dai aski shi ne mafi sauƙi a aikin. Sana'ar gado ce, kuma a da kowane gida na da wanzaminsa, kamar yadda fada ke da Sarkin Aska. Shi ke yi wa jariri askin suna ran bakwai, ya cire beli, shi ke yi wa yara kaciya a lokacin sanyi, shi ke kafa ƙaho ga mai ciwon jiki, ya yi sakiya, wani ma har cire haƙori. Tsagar gado ma hannunsa ce: ta Gobirawa daban, ta Kabawa daban, ta Zamfarawa da Katsinawa da Daurawa daban, ga bille da kalangu na ado. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi, wannan zane ne ke faɗin asalin mutum kafin ya buɗe baki. Ba a cinikin askin maigida. Da kaka a kai wa wanzami dami, da suna ya samu kasonsa na nama da tufafi. Mutumin da ya ɗora wa mahaifinka aska a maƙogwaro shekara da shekaru ba a ɗaukar sa baƙo, shi ya sa sirrin gidaje da yawa ke cikinsa.

Fatauci ya kai sana'ar nesa. Hausawan da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja da ƙasar Asante sun tafi da wanzamansu, suka zauna a zango-zango. Asantawa a da ba sa kaciya, kuma wanzaman zango na cikin waɗanda suka yaɗa ta. Har yau a Ghana mai kaciyar gargajiya wanzam ake ce masa, ko da bai jin Hausa.

Rushewar wannan matsayi ba rana ɗaya ta zo ba, yanki-yanki aka yi ta zare masa aikin. Reza ta fara shigowa da kantunan Turawa, ma'aikaci da soja suka koyi gyara fuskarsu da kansu gaban madubi. Makarantar boko ta zo da saisaye. A shekarun 1970 kuma yayin Afro ya iso daga baƙaƙen Amurka, ya haɗu da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, samarin birane suka tara suma, suka soka mataji a ciki, suka ajiye hula, dattawa na salati. Karon farko ke nan da gashin kai ya zama abin ado ga samari masu yawa a biranen Hausa, kuma aska ba ta iya wannan aiki. Shagon aski mai kujera da madubi da hotunan samfuri a bango ya samu kasuwa, da kilifa mai aiki da lantarki, sai janareto ya biyo baya da wutar NEPA ta zama sai an ga dama, yanzu kuma ga mai caji da ake yawo da ita a aljihu.

Bugun da ya fi zafi ta fuskar lafiya ya zo. A 1986 aka ba da rahoton cutar ƙanjamau karon farko a Nijeriya, aka shiga faɗakarwa a rediyo kan aska ɗaya da ke yawo a kawuna goma, ga kuma ciwon hanta da ke bin jini. Iyaye da dama suka mayar da kaciya asibiti. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro zane a fata, ko da yake kafin nan ma tsaga ta fara ja da baya, don masu ita sun gaji da tsokana a makaranta. Likitoci kuma sun daɗe suna gargaɗi kan cire beli saboda zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, kuma a nan gaskiya na wajensu.

Gardamar siffar aski kuwa ta girmi kilifa. Hadisi ya hana aske wani sashe na kai a bar wani, amma yaran ƙauye sun daɗe da zanko da tukku, malamai na faɗa. Samarin da aka ba da rahoton 'yan Hisbah sun aske wa kai a Kano a 'yan shekarun nan, kan askin 'yan ƙwallo, a wannan tsohuwar shari'a aka kama su.

Duk da haka wanzami bai mutu ba. Dattawa na nan kan bakansu cewa kilifa ba ta fitar da kai, askin suna har gobe nasa ne, ƙaho ma ya dawo da sunan hijama da kofunan roba. A ƙauyuka da yawa ya fi asibiti kusa, kuma an fi jin maganarsa. Don haka ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su ja sarakunan aska a jiki, a koya musu sabuwar reza ga kowane kai, da safar hannu, da sanin ranar da za su ce wa uban yaro ya wuce asibiti.