Daga Baitulmali Zuwa Kasafin Jiha

In ana so a san abin da hukuma ta ɗauka da muhimmanci, sai a buɗa littafin Ma'ajinta, gama a can ake rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da inda ya tafi. To, bari mu bi sawun wannan littafi a ƙasarmu, tun daga zuwan Turawa har ga Jihar Kaduna ta yau, mu ga yadda kuɗin ya yi ta ƙaruwa, da yadda sassan da ke cinsa suka yawaita.

Sa'ad da Gwamna Lugga ya kafa mulkin Ingilishi a Arewa cikin 1900, abin da ake samu bai isa ya riƙe Gwamnati ba. Sai da Ingila ta riƙa aiko da gudummawa kowace shekara, Kudu ma tana ba da tata. Soja da albashin Turawan mulki su ke cinye mafi yawansa. Wannan rashi yana cikin dalilan da suka sa aka haɗa Kudu da Arewa cikin 1914.

Wajen sarakuna kuwa, a Katsina aka fara kafa Baitulmali, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Mista Palmer, sa'an nan tsarin ya bazu ko'ina. Haraji da jangali in an tara sai a raba biyu, rabi na Gwamnati, rabi na En'e. Daga kason En'e ake yanka wa sarki albashi, da hakimai, da alƙalai, da dogarai. Abin da ya ragu shi ke gina gidan yari, da rijiya, da rumfunan kasuwa. Watau da fari kuɗin hukuma na tsaron doka ne. Sannu a hankali aka buɗe sashen ayyuka, da na makarantu, da na asibiti, da na dabbobi, har En'e ta Kano ta jawo wa birni ruwan famfo da lantarki da kuɗinta cikin 1931.

Ga abin lura a nan. A zamanin nan kowane baligi ya san inda kuɗin hukuma ke fitowa, don daga aljihunsa ne. Manomi a ƙauyukan Gwari na kudancin kogin Kaduna, inda Gonin Gora take, ya kan sayar da hatsinsa ya biya dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmalin Zazzau. Bai da bakin faɗin yadda za a kashe, amma ya san zafin fitarsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai al'amari ya sake. Cikin 1946 aka fito da Shirin Raya Ƙasa na Shekara Goma, na fam miliyan 55 ga Nijeriya duka, Ingila ta ɗauki fam miliyan 23. Cikin 1954 Jihar Arewa ta sami Firimiya, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da ministoci, kowa da ma'aikatarsa da kasonsa. Daga baya Alhaji Aliyu Makaman Bida ya riƙe ma'aikatar kuɗi. Aka sami kuma wata sabuwar rijiya, ita ce Hukumar Ciniki mai sayen gyada da auduga. Ta kan saya wurin manomi da araha bisa ga farashin ƙasashen waje, rarar ta shiga ayyukan raya ƙasa. A wannan zamani aka yi Yaƙi da Jahilci, aka kafa masaƙar Kakuri cikin 1957, da Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Manomi dai shi ke biya, sai dai yanzu ba a ba shi takardar shaida, don a bakin sikeli aka cire.

Cikin 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Kaduna ta zama hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna cikin 1976. Gidan da aka raba, kowane ɗaki sai ya nemi tukunyarsa: kowace jiha ta kafa ma'aikatun ilmi, da lafiya, da gona, da ayyuka nata na kanta. Ana cikin haka man fetur ya yi tsada cikin 1973. Aka yi ƙarin albashin Udoji, aka buɗe makarantar firamare kyauta ga kowane yaro cikin 1976, ilmi ya shiga sahun manyan masu cin kasafi. A shekarar nan kuma aka rushe En'e, aka kafa ƙananan hukumomi. Cikin 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Talaka ya huta, amma jiha ta ƙara jingina ga kason da Gwamnatin Tarayya ke rabawa daga kuɗin mai.

Tun daga nan baki sai ƙaruwa yake. An cire Katsina cikin 1987, amma albashi da fansho ba su daina hauhawa ba, ga jami'ar jiha da aka kafa cikin 2004. Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya rage ma'aikatu daga 19 zuwa 13 cikin 2015, ya kuma ciwo bashi don manyan ayyuka. Cikin Maris 2024 magajinsa, Gwamna Uba Sani, ya faɗi a bainar jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma biyansa ya zama wani sashe babba, wanda ake cire wa kasonsa tun kuɗi bai iso Kaduna ba.

Sai dai a yi hattara wajen gwada kuɗin da da na yanzu. Ran da naira ta fito cikin 1973, naira 2 ke fam guda, yau kuwa ba ta sayen ko ashana. Saboda haka girman lamba ba shi ne girman aiki ba.

To, jama'a, mun ga kuɗin hukuma ya tashi daga haraji ya koma gyada, daga gyada ya koma mai, daga mai ya haɗa da bashi. Kowane mataki ya ƙara nisanta shi daga idon talaka, har wasu suka ɗauka kuɗin Gwamnati ba na kowa ba ne. Alhali naku ne, bashin kuma 'ya'yanku za su biya. Gonin Gora, wadda da ƙauye ce, yau ta cika ta batse a bakin hanyar Abuja, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, tana bukatar aji, da magani, da ruwa. Kowace shekara Gwamna ya kan kai kasafi gaban Majalisar Jiha, a kuma buga shi. Ku da Allah ya ba ku karatu da girmanku, ku neme shi ku duba abu uku: nawa aka ware wa albashi, nawa ga aiki, nawa ga bashi. In shekara ta ƙare, ku tambayi wakilinku abin da aka yi da na aikin. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.