Wasan "Fela!" da fim ɗin da ake ta jira: abin da ya kamata ku sani

Akwai wani irin wasan kwaikwayo da ba a tsara masa sabuwar waƙa. Ana ɗauko tsofaffin waƙoƙin wani mawaƙi da jama'a suka riga suka haddace, sai a ɗinka labari a kansu. Turawa sun raɗa masa suna daga jukebox, wato akwatin kiɗan nan na gidajen shaƙatawa da ake jefa wa kwabo ya sa maka faifan da ka zaɓa. Idan wasan ya karɓu a dandali, sai masu fim su biyo baya.

Yadda abin yake tafiya

Misalin da aka fi sani shi ne Mamma Mia!, wanda aka gina kan waƙoƙin ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin. An fara shi a Landan a 1999, fim ɗinsa ya fito a 2008, ya tara sama da dala miliyan 600. Sirrin a fili yake: ɗan kallo ya san waƙar tun kafin ya sayi tikiti.

Na Afirka: Fela!

Fela Anikulapo Kuti, sarkin kiɗan Afrobeat, an haife shi a Abeokuta a 1938, ya rasu a Legas a 1997. Wasan da aka gina kan waƙoƙinsa ya hau babban dandalin Broadway na birnin New York a watan Nuwamban 2009. Bill T. Jones ne ya ba da umarni kuma ya tsara rawa, Sahr Ngaujah ya fito a matsayin Fela. Labarin ya taɓo farmakin da sojoji suka kai gidansa na Kalakuta a 1977, inda aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Wasan ya ci kyautar Tony guda 3 a 2010, kuma a 2011 aka kawo shi Legas.

To ina fim ɗin?

Nan ne gizo ke saƙar. Tun 2009 kamfanin Focus Features ya ba da sanarwar zai yi fim kan rayuwar Fela, aka ambaci Steve McQueen a matsayin mai ba da umarni. Daga baya ya janye, aikin ya tsaya. Abin da ya fito a 2014 shi ne Finding Fela na Alex Gibney, fim ɗin tarihi da ya haɗa tsofaffin hotunan Fela da na shirye-shiryen wasan. Irin wannan aiki yana cin kuɗi sosai, kuma kowace waƙa sai an nemi izinin masu haƙƙinta kafin a taɓa ta.

Mu nan Nijar fa?

Mafi kusa da wannan a wajenmu shi ne Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda ya fito a 2015. A Agadas aka ɗauke shi da harshen Tamashek, Ba'amurke Christopher Kirkley ya ba da umarni. Mdou Moctar ya fito a matsayin makaɗin gita da mahaifinsa bai yarda da sana'arsa ba, kuma kiɗansa ne ke jan labarin. Sai dai shi ba daga dandali ya taso ba, salon fim ɗin Purple Rain na Prince ya bi.

Kayan aikin kam muna da su. Akwai waƙoƙin Ɗan Gurmu na Tawa, wanda ake gasar kiɗa da sunansa, ga na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da ake ji daga Tondibiya har zangon Kumasi. Akwai dandalin Oumarou Ganda a Yamai, akwai ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mawaƙa. Amma da yawan waƙoƙin nan a tsofaffin kaset suke, kaset kuwa zafi da ƙura na cinye shi.

Don haka ƴan uwa na gida da na ci-rani, wanda ke da kaset ɗin tsohon mawaƙi a ƙasan akwati, ya daure ya sa a juye shi a kwamfuta tun zaren bai tsinke ba. Waƙar da ta ɓace, babu dandali ko fim da zai dawo da ita.